Masarar Baba Mai Ɗigo-ɗigo

Masara guda mai ɗigo-ɗigo marigayi Baba ya bari, rataye a ƙusa a ɗakin Mama. Na karɓe ta da alkawarin dawo da irinta sak, na niƙa ta a ɗakin bincike. Ina nazarin ƙwayoyin gado masu tsalle daga wuri zuwa wuri, waɗanda ke yi wa tsaba ɗigo-ɗigo.

'Yan tsabar da na rage na shuka. Tsutsa ta ci, abokan aiki suka yi dariya, ban saduda ba har ta yi goyo.

Mama ta jujjuya sabuwar a hannunta. "'Yar boko, wannan ba zanen masarar babanki ba ne."

"Mama, zanen ba ya maimaituwa. Ƙwayoyin sun yi tsalle."

"Kin san haka kika niƙa?"

Na sani sarai. Ta miƙo mini abata, ta bar ƙusar haka nan.