Zanzaron da Na Ajiye wa Musaddiq

Ni ba ni da saurin fushi, amma in na yi, ba na mantuwa. Duk wanda ya san ni a sashen nazarin halittu na makarantarmu da ke Dutse zai faɗa maka Na'ima mai shiru-shiru ce. Musaddiq ma haka ya ɗauka, shi ya sa ya taɓa ni.

Aikin digirina na biyu a kan wani irin ƙuda nake yi, wanda masana ke kira ƙuda mai ƙaton kai. In ka gan shi a kan fure sai ka rantse zanzaro ne: ƙugu siriri, jiki ja da baƙi, ga shi da tsayi. Amma fiffikensa biyu ne rak, kamar na kowane ƙuda, shi kuwa zanzaro huɗu gare shi. Ba ya harbi, muguntarsa ta fi harbi. Yana laɓewa a gefen fure, ƙudan zuma na zuwa sai ya cafke shi a iska, ya cusa masa ƙwai a ciki, ya sake shi. Ƙudan zuman ya ci gaba da harkarsa, bai san ya ɗauko ajalinsa ba.

A gonar Babana, Malam Idirisu, can bayan Kiyawa, na fara ganinsa. Baba yana da amyar zuma a kan itatuwan gawo, ya kuma kewaye gonar da zogale. Wata safiya ina tsugune a gindin zogalen sai ga shi ya sauka a kan fure. Hoto ɗaya na samu ya tashi. Na ruga na nuna wa Baba, na ce masa akwai wani shafi a intanet inda masana ƙwari na duniya ke tantance hotuna, kuma in na sa wannan za a rubuta sunan gonarsa a ƙasansa.

Baba ya gyara hula ya ce, "Gonata? A wurin Turawa?"

Na ce, "Har da mutanen Sin, Baba."

Kafin la'asar duk dattawan da ke zama a ƙofar masallacin unguwarmu sun ji labari.

Wayata kullum a cike take, don haka na saba in juye hotunana a kwamfutar ɗakin bincikenmu, in goge na wayar. Haka na yi. Ban sa hoton a shafin nan take ba, domin ina son in koma in samo na gefe da na fuska. Irin wannan ƙuda ba a gane takamaiman jinsinsa daga hoton baya kaɗai, sai an ga fuska da ƙasan ciki.

Musaddiq yana gabana da shekara, ɗan unguwar Limawa ne a cikin Dutse, mai baki kamar an shafa masa zuma. Kullum "ƙanwata" yake ce mini. Ina can Kiyawa ina gadin zogale, sai wata ƙawata ta turo mini abin da ya sa a shafin. Hotona ne, furen zogalen Babana ne, amma a ƙasa an rubuta sunan Musaddiq, an kuma rubuta Limawa. Wani masani daga waje har ya yi masa jinjina, wai shi bai taɓa cin karo da hoton irin wannan ƙuda daga yankinmu ba.

Na kai ƙara wurin shugaban bincikenmu, Farfesa Abdulrauf. Ya kira mu tare. Musaddiq ya buɗe hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a bayan gidanmu na ɗauka. Na zuba a kwamfuta, wataƙila a nan ƙanwata ta gani ta ruɗe. Ta nuna nata a wayarta mana."

Ba ni da abin nunawa. Farfesa ya ce mu je mu sasanta, mu daina halin yara.

Wannan bai ƙona mini rai kamar abin da ya faru a gida ba. Alhaji Fa'izu, maƙwabcinmu, wanda ba ya barin magana ta kwana a cikinsa, ya laƙaba wa Baba suna. In Baba ya doso masallaci sai ya ɗaga murya, "Mai ƙudan Turai! Yau an buga sunan gonar ko sai baɗi?" A yi ta dariya. Baba ya daina zaman hira bayan salla, yana sallamewa sai gida. Na tsani Musaddiq a lokacin nan, tsana ta gaske, irin wadda take hana mutum jin daɗin abinci.

Baba ya lura da ni. Ya ce, "Na'ima, ki bar wa Allah. Haƙuri maganin zaman duniya."

Na ce, "To, Baba." Na bar wa Allah, amma ban ga laifi ba in na ɗan taya da hannuna.

Na koma wa Musaddiq da fara'a. Na ce, "Yaya Musaddiq, ka yi haƙuri, ni ce na ruɗe." Ya yi dariya har da dafa ƙirji, wai komai ya wuce. Na san halinsa sarai. Bai taɓa tsugunawa a rana don ƙwaro ba, ba ya son ƙasa ta taɓa masa wando. Abin da ya iya shi ne haɗa hotuna a allo da zuba Turanci.

A ƙarshen zango akwai taron da kowane ɗalibi ke gabatar da aikinsa a gaban malamai da baƙi. Na san Musaddiq na neman abin da zai ƙara a kan hoton farko. Sai na koma Kiyawa, na yi lalle a yatsuna, na zauna a gindin zogale ina jiran zanzaro, zanzaro na gaske, mai gina ɗakin laka a kusurwar soro. Da wani ja mai siririn ƙugu ya sauka, na yi ta ɗaukarsa ta ko'ina: ta gefe, ta gaba, yana buɗe fiffike, da yatsana riƙe da reshen. A cikinsu na zaɓi guda ɗaya, wanda ya naɗe fiffikensa a baya har suka zama kamar biyu, ya kuma cusa kansa cikin fure, ƙahonninsa suka ɓuya. Shi kaɗai na juye a kwamfutar, a inda na saba ajiye nawa. A wannan karon kuwa ban goge ko ɗaya daga wayata ba.

Sannan na ce wa ƙawata, da ƙarfi yadda na kusa zai ji, ina jin na samo jinsi na biyu, amma sai na tabbatar tukuna. Musaddiq yana gefe yana danna waya, bai ɗago ba. Kunnensa dai na ga ya motsa.

Ranar taro ya sha shadda, ya fesa turare. Ya nuna hotona na farko, aka tafa masa. Ni ma na tafa. Sai ya ce yana da albishir, ya danna, zanzarona ya cika allo.

"Wannan jinsi na biyu ne na ƙuda mai ƙaton kai," in ji shi. "Shi ma a Limawa na same shi, bayan doguwar wahala."

Wallahi wani daɗi na ji ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na bari ya gama, aka ce masu tambaya, na ɗaga hannu.

"Yaya Musaddiq, fiffike nawa ka ƙirga masa?"

"Biyu mana, ƙanwata. Ai ƙuda ne."

"Da idonka ka gani ya buɗe su?"

"Ƙwarai kuwa."

Na juya wajen Farfesa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in haɗa wayata da allon."

Ya gyaɗa kai. Na fara da hoton da Musaddiq ya nuna, sannan na matsa gaba. Ƙwaro ɗaya ne, fure ɗaya, da 'yar yagewarsa a gefe. Ga yatsana da lalle riƙe da reshen. A hoto na gaba ya buɗe fiffike, manya biyu, ƙanana biyu. A na ƙarshe ana hango amyar Baba a kan gawo.

Wata malama ta ce, "Kai, wannan ai zanzaro ne!" Wani daga baya ya ce a tambayi Musaddiq ko shi ma yana ƙunshi. Ɗakin ya ɓarke da dariya. Musaddiq ya buɗe baki, zumar ta ƙafe. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya ce, "Musaddiq, hoton farkon fa? Za ka kai mu bayan gidanku yanzu mu ga zogalen?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. Ashe ko zogale babu a bayan gidansu. Farfesa ya sa shi ya cire hoton daga shafin a gaban kowa, ya ce maganar aikinsa kuma sai kwamiti ya zauna.

Da aka watse Farfesa ya tsayar da ni. "Na'ima, kin san zai ɗauka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai hotona na ajiye a inda nake ajiye hotunana."

Ya dube ni ta saman tabarau, sai ya wuce. Musaddiq ya tare ni a bakin ƙofa, ido ja, yana cewa na kashe shi, me ya sa ban same shi mu biyu ba. Na ce, "Ai mun sasanta tuntuni, Yaya." Ban ji tausayinsa ba ko na anini, har yau kuma ban ji ba.

Kafin in bar makaranta na ɗauko hoton farko daga kwamfutar, na sa shi a shafin da sunana. Da yamma na hau Keke Napep daga tashar Kiyawa zuwa gida. Na sami Baba a zaure yana gyaran wata tsohuwar amya. Na tsuguna na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ga ƙudan a kan furen zogale, ga sunana, ga kuma abin da na rubuta a ƙasa. Baba bai yi boko ba, don haka na karanta masa: Kiyawa, gonar Malam Idirisu.

Na ba shi labarin yadda aka yi, ban rage komai ba, ina jiran ya yi mini faɗa a kan rashin haƙuri. Ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "Wanne ne sunan nawa?"

Na nuna masa da yatsa.

"Ƙara masa girma."

Na ƙara. Ya miƙe ya karkaɗe riga, ya ɗauki hularsa ta zuwa Juma'a, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar kwanon da ya cika da nono.

"Kada ki bari ta mutu," in ji shi. "Biyo ni ki karanta. Alhaji Fa'izu yana ƙofar masallaci."