Kyamara Don Gadar da Kogi Ya Bari

Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan tagar sayar da tikiti a tashar mota, ina tura mutane garuruwan da ban taɓa takawa ba. Abin da na samu a aikin nan, ban da ciwon baya, shi ne labaran direbobi. Ina rubuta su a wani littafi mai baƙin bango da ɗan karatuna na aji huɗu: rijiyar da ke fitar da iska da safe, dutsen da ke ƙara kamar ƙarfe in an buge shi, bishiyar da ta haɗiye keke har sirdi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce gadar da kogi ya bari. Dogo direba ne ya ba ni labarinta. An gina ta da ƙafa bakwai, aka gama, sai a damina ɗaya kogin ya sauya hanya ya koma can gefe, ya bar ta tsaye a tsakiyar fili, awaki suna kiwo a ƙarƙashinta. Ranar Litinin Dogo ya aiko mini cewa masu sabon titi za su rushe ta ƙarshen wata. Na yanki tikitin Asabar, tafiyar awa tara, ni kaɗai.

Auta, ƙaramar 'yata, nas ce a asibiti. Da ƙyar ta yarda da tafiyar, bayan ta auna jinina sau biyu. Ta ce in tafi da wayarta in ɗauki hoton. Na ce ban jira shekara da shekaru ba don in ɗauki gadar nan da abin da ake kiran mai gyaran famfo da shi. Shi ne ranar Alhamis ta kai ni shagon kyamara za ta saya mini.

Akwai abin da ba ta sani ba. Tun bara hannuna na dama yake rawa. Sau ɗaya take zuwa a mako, in ta zo sai in cusa shi a aljihu, in sha shayi da hagu. Na san ranar da ta gani, ko bakin titi ba zan ƙara zuwa ni kaɗai ba.

Shagon ƙunci ne da shi, kanta ta gilashi ta cinye rabinsa, fanka na juyawa a kan wani tarin kwalaye. Mai shagon dattijo ne mai sanƙo, tabarau na lilo a ƙirjinsa da igiya.

"Baba, me za a ɗauka? Jikoki ko biki?"

"Gada."

"Gada kuma. Daga nesa ko daga kusa?"

"Ƙafafunta bakwai nake so su shiga hoto ɗaya, da kogin da ya gudu a can bayanta."

Bai yi dariya ba, na yaba masa da wannan. Ya fito da ƙananan kyamarori uku ya jera a kan kanta. Ta farko in an kunna ta sai bakinta ya miƙo kamar wuyan kunkuru, ya ce tana jawo tsuntsu daga kan tsauni. Ta biyu baƙa ce, ba ta jawo nesa sosai, amma idonta faɗi ne da shi, tana kwashe fili da sama a tashi ɗaya, kuma tana da ɗan ramin leƙe saboda rana. Ta uku jikinta roba, ko ta faɗa ruwa ba ta damu ba.

"A ba shi ta robar," in ji Auta. "Baba yana yar da abu."

"Me na taɓa yar miki?"

"Kofina mai fure."

"Kofin nan dama a tsage yake."

Na nuna baƙar da haɓa. Ita nake so. Tun da na leƙa ramin nan na ga shagon gaba ɗaya ya shige ciki, har da fankar, na san ita ce.

"Madalla," in ji mai shago. "Saura gwaji. Ba na sayar wa kowa kyamara sai ya tsaya a bakin ƙofar nan ya ɗauko mini allon mai gyaran agogo da ke tsallaken titi. In lambar wayarsa ta karantu a kwamfuta, kyamara ta karɓi hannunka."

"Ni ban zo jarrabawa ba."

"Minti ɗaya ne, Baba. Har likitoci na sa su yi."

Na ɗauke ta da hagu. A nan na gane wani zalunci da ba wanda ya taɓa gaya mini: maɓallin a dama yake. Na duba sauran biyun, duk haka. Na dubi na cikin gilashi, babu ko ɗaya da aka yi wa ɗan hagu. Na lanƙwasa yatsa ta sama kamar ƙaguwa, sai yatsan ya rufe idon kyamarar.

"Baba, da hannu biyu," in ji Auta. "Me kake ɓoyewa a aljihun nan, zinariya?"

Na fito da shi. Na matse gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, na danna. Mai shago ya sa hoton a kwamfuta ya faɗaɗa. Allon ya fito kamar an shafa shi da jiƙaƙƙen tsumma. Agogon da aka zana a jiki ya zama uku.

"Wata mota ce ta wuce ta girgiza ƙasa," na ce.

"Mu sake."

Muka sake. Muka gwada mai wuyan kunkuru, ta fi muni. Ta robar ma haka. Zufa ta fara bin bayana, hannun kuwa da ya ga ana kallonsa sai ya ƙara, igiyar kyamarar tana kaɗawa a fili kowa na gani.

Mai shago ya sa tabaransa. "Baba, ba laifin kyamara ba ne. Akwai abin rage girgiza a cikinta, amma rawar hannunka ta fi ƙarfinsa."

"Wa ya tambaye ka? Kyamara kake sayarwa ko asibiti ka buɗe? Mutum ya shigo da mutuncinsa, ka tsayar da shi a bakin titi kamar ɗan makaranta, sannan ka yi masa tonon silili a gaban 'yarsa."

"Ka yi haƙuri. Gara ka gani a nan da ka gani bayan ka dawo."

Auta ta matso kusa da ni. Ta kama hannun ta juya shi, ta ce in miƙe yatsu, ta ce in taɓa hancina. Na fizge.

"Tun yaushe?"

"Kwanan nan."

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara. Sai me?"

"Tun bara. Ina duba tsofaffin mutane dare da rana, nawa uban yana shan shayi da hagu ina cewa sabon salo ne." Muryarta ta yi ƙasa, kuma na fi tsoron wannan da ihu. "Awa tara a mota, sannan ka sauka a daji kai kaɗai. Ba ni tikitin."

"Ba za ki gan shi ba."

"To babu kyamara."

"Ki riƙe abinki. Da idona zan kalle ta in dawo. Ni na koya miki ɗaura igiyar takalmi, yau ke ce za ki ba ni izinin fita? Hannu ne ke rawa, ba kai ba."

Wata mata da ta shigo neman batir ta juya ta fita. Mai shago ya bari muka yi shiru, sannan ya ɗauki baƙar kyamarar, ya taɓa wani abu a bayanta, ya ɗora ta a kan kujerar da ke bakin ƙofa, ya tokare ta da kwalin ashana.

"Baba, leƙa ka daidaita. In ya yi maka, ka danna ka cire hannunka. Za ta ƙirga goma ta ɗauka da kanta. Gada ba ta gudu, ba ruwanta da jira."

Na durƙusa da ƙyar, na daidaita, na danna, na janye. Wata 'yar fitila ta yi ta ƙiftawa, sai na ji ƙyas. A kwamfuta allon ya fito tas. Lambar wayar ta karantu, har da wani ƙadangare a kan ƙusa wanda ido bai gan shi ba.

Ya kamata in yi murna, amma wani baƙin ciki ne ya tokare ni. Ashe abin ya fi kyau in ba hannuna a ciki.

"Akwai 'yar ƙafa uku ta ɗora kyamara, tana shiga aljihu," in ji mai shago. "Ko a kan dutse sai ka kafa ta."

"Sa masa," in ji Auta. Ta juyo gare ni. "Gobe ƙarfe takwas za ka ga likitan jijiya. Asabar kuma tare za mu tafi."

"Ban gayyace ki ba."

"Ban nemi gayyata ba."

"Za ki yi ta cewa Baba sha ruwa, Baba zauna, Baba rana ta yi. Ni so nake in tsaya a ƙarƙashinta ba wanda ke mini magana."

"Zan zauna a nesa in yi shiru. Ko haka, ko ba tafiya. Zaɓi."

Na kau da kai ina kallon baƙar kyamarar. Ta san ma'anar hakan, don nan take ta fita bakin ƙofa tana kiran wata abokiyar aikinta ta riƙe mata aikin Asabar. Mai shago ya naɗe kyamarar ya miƙa jakar wajen da take tsaye. Na tare shi.

"Ni za ka ba. Tawa ce."

Ya ba ni. Na karɓa da dama, jakar tana kaɗawa, na wuce Auta ban dube ta ba. Ta biyo ni a baya tana ce wa ta cikin wayar, "A'a, lafiyarsa ƙalau, fushi kawai yake yi."