Kalmomin Auta

"Ninki uku, 'yar boko, ba huɗu ba. Littattafan nan sun cinye miki hannu."

Daga kan gado maƙwabcinmu Baba Mai Guga yake ba ni umarni, muryarsa kamar ana jan takarda a ƙasa. Ni kuwa ina gaban teburinsa, ina goge tawul da dutsen gugarsa. Ya ce in gwada ɗumin a wuyan hannuna tukuna, sannan in ɗora wa ƙanwata a ciki.

Auta tana kwance a ƙasa, ta dunƙule gwiwoyinta. Shekararta shida. Tana da shekara biyu take kiran Mama, take kiran kyanwa, har waƙa take yi; sai wata shekara kalmomin suka zube ɗaya bayan ɗaya, kamar maɓallan tsohuwar riga. Likita ya ce galahanga ce, wata lalurar ƙwaƙwalwa. Mu kuwa ihun da take yi muka ɗauka duk na lalurar ne, muka yi ta rarrashi, wani lokacin, Allah ya yafe mana, har da tsawa.

Baba Mai Guga ne ya gano. Kullum Auta takan tsallaka shagonsa ta danna cikinta a gefen tebur, inda katakon ya ɗau ɗumi. Sati biyu yana kallonta, sannan ya tari Mama a ƙofa ya tambaye ta yaushe rabon yarinyar da bayan gida. Kwana biyar! Ya ce ta koma wurin likita, kada ta yi zancen ihu, ta yi zancen ciki. Aka ba da magani, aka sauya mata abinci. Da cikin ya saki, sai kalmomin suka fara dawowa a ɗarare, har goma sha ɗaya. Amma duk sanda ya sake cushewa sai su ɓuya, kuma Baba kaɗai ke ganewa da wuri. Uwar ɗakina yake ce mata, wai ita ke duba masa aiki.

Yanzu ga shi zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Na kasa riƙewa, na tambaye shi wa zai gane mana ita in ya tafi.

"Ni ma ba duba nake yi ba," ya ce. "Sana'ata ce ta koya min kallon inda abu ya tattare. Ki rage surutu, ki kalli kafaɗunta."

Ya rasu ranar Talata da hantsi, 'yarsa na riƙe da kofin shayin da bai sha ba. Na yi kuka har na ji kunyar iyalansa.

Auta ba ta yi kuka ba. Shiru ta yi. Kwana huɗu babu Mama a bakinta, babu ruwa, babu ko ɗaya cikin kalmomi sha ɗayan. Takan tsaya gaban shagon da aka rufe tana kaɗa yatsu kusa da idonta. Mama ta daina cin abinci sosai. Na san abin da take tsoro, domin mun taɓa ganin wannan shirun, kuma wancan karon shekara uku ya yi.

A kwana na biyar da safe ina shanya kaya, na hangi kafaɗunta sun ɗage zuwa kunne. Na ajiye bokitin, na durƙusa gabanta, na haɗiye duk tambayoyin da suka cika min baki. Mun daɗe a haka. Can ta kamo hannuna, ba ta dube ni ba, ta ɗora a ƙasan cibiyarta.

"Ciwo."

Kalmar ba ta cikin sha ɗayan. Ba wanda ya taɓa jin ta a bakinta.

Mama na tsaye a ƙofar kicin da kumfa a hannu, ta kasa matsowa, ta kasa komawa. Ruwan rigunan da na shanya yana ɗiga a kan siminti, hannun Auta yana kan nawa.