Munduwa a Gwangwanin Anti

A gidan ɗinkin kayan makaranta inda take aiki, ba a kiran mutum da sunansa, da lambar kekensa ake kiransa. Ita ce Bakwai. Shekara uku tana kan keke na bakwai, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, tana haɗa wuyan riguna har ta kai ko ido a rufe za ta iya.

Jikinta ba ya shiri da penisilin. Ranar da ta haifi 'yarta aka yi mata allurarsa, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya ɗauke, da kyar aka ceto ta. Likita ya sa aka yi mata munduwa ta farin ƙarfe, aka zana gargaɗin a jiki, da lambar wayar maigidanta. Ya ce ko wanka za ta yi kada ta cire, don ranar da bakinta ya kasa magana, munduwar ce za ta yi mata.

To, amma gidan ɗinkin yana da doka. Tun da keke ya taɓa cafke awarwaron wata ya ɓalla mata hannu, aka ajiye gwangwanin madara a bakin ƙofa. Zobe, sarƙa, agogo, duk a ciki ake zubawa da safe, a karɓa da yamma. Mai tsaron gwangwanin ita ce shugabar layi, wadda kowa ke ce wa Anti, mace mai tsare doka kamar ita ta haife ta.

"Anti, wannan fa ba ado ba ce, ta asibiti ce," in ji Bakwai a ranarta ta farko. "Ki duba rubutun."

"Ke kuma! Kowa da tasa hujjar. Waccan ta ce na kakarta ne, wannan ta ce na aurenta. In na bar ki, gobe kowa ta zama marar lafiya. Zuba, ko ki ga ƙofa."

Ta zuba. Aiki ba a tsintarsa a hanya, ga 'ya tana makaranta. Kullum da safe in ta ji ƙarar munduwar a gindin gwangwani sai ta daure ta wuce kekenta. Haushi take ji, na Anti da na kanta.

Ranar da abin ya faru, ta taso da dami guda na riguna a ƙirji, ba ta ga wayar wutar da aka ja ta tsakiyar layi ba. Ta harɗe, goshinta ya daki kusurwar teburin yanka. Jini ya wanke mata fuska, ta sume. Anti ta yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinta: ita ta danne raunin da ƙyalle, ta sa direban kamfani ya garzaya da ita asibiti. Ita kuma ta tsaya, don ba a barin layi ba shugaba. Gwangwani yana nan a bakin ƙofa.

A asibiti nas ta ɗaga hannun Bakwai na hagu, ta ɗaga na dama, kamar yadda aka koya musu. Ba komai sai wani ɗan shati mai haske a fatar wuyan hannu inda rana ba ta taɓawa. Ta tambayi direba ko akwai maganin da ba ta sha. Ya ce shi kaya yake ɗauka, ko sunanta bai sani ba. Aka ɗinke goshi, aka yi mata allurar penisilin don kada rauni ya ruɓe.

Sai bayan kwana huɗu ta farka. Likita ya zauna ya yi mata bayani a hankali: numfashinta ya daɗe a tsaye, hannun dama ba zai koma yadda yake ba. Ta dubi hannun yana kwance a kan zanin gado kamar na wata. Da shi take tura wuyan riga ƙarƙashin allurar keke.

Ranar Asabar Anti ta zo dubiya da lemo a leda. Ta ce sannu, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce an ɗora wata a kan keke na bakwai amma hannunta bai kai ba. Sannan ta buɗe jaka ta ciro munduwar a naɗe cikin takarda.

"Ga kayanki. Kin san ni, ko tsinke ba ya ɓata a gwangwanina."

"Anti," Bakwai ta ce, harshenta da nauyi, "karanta min."

Anti ta kawo ta kusa da ido, ta juya ta. Shekara uku tana karɓarta da safe tana miƙa ta da yamma, sai yau ta ga akwai rubutu. Leɓɓanta suka motsa, suka tsaya.

"Ai da kin faɗa min," ta ce.

Sai nas ta shigo, ta karɓi munduwar daga hannun Anti, ta ɗaura wa Bakwai a hannun dama. Ko sanyin ƙarfen ba ta ji ba.