Auta Zai Tsallaka Iyaka

Ranar da ƙanena Mederbek ya zo da maganar lissafin nan, muna shan shayi a gidan mahaifinmu, wanda muke kira Ata, a ƙauyenmu na bayan garin Talas, kusa da iyakar Kazakistan. Ya ajiye wayarsa gefen burodi ya ce, "Ata, duba nan. Idan aka raba abin da ƙasa ke samu a shekara a kan mutanenta, mutumin Kazakistan ya ninka mu wajen sau shida. Uzbekawa ma sun ɗan wuce mu. Tajikawa kaɗai muka fi."

Ata ko kallon wayar bai yi ba. "To, Allah ya bar mana Tajikawa, mu samu na yi wa gori. Ni dai ba a taɓa kawo mini nawa rabon ba."

Ba wanda ya yi dariya, don mun san inda zancen ya dosa: Mederbek so yake ya tsallaka iyaka neman aiki a birnin Taraz na Kazakistan. Mederbek ne auta, kuma a wurinmu auta ba ya barin gida. Shi ke riƙe murhun uba har ya rufe masa ido. Yayyenmu biyu suna Rasha, ni ina aure a wani ƙauye, mahaifiyarmu ta rasu.

Mederbek ya ce, "Taraz ce fa, Ata, ba bangon duniya ba. Dutse ɗaya ne tsakaninmu."

"Na san dutsen. Ciyawar can da ta nan iri ɗaya ce."

"Ciyawa iri ɗaya ce, albashi ne ba ɗaya ba. Matata na da ciki, rufin ɗaki na yoyo."

Raina ya ɓaci. Na ja Mederbek waje na wanke shi tas. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, naki mijin ina yake?" Mijina na Almati, can cikin Kazakistan ɗin, yana aikin gini.

Ran Juma'a Ata ya yanka rago ya gayyaci dattawan ƙauye. Na ji daɗi, na ɗauka taron dangi za su yi wa yaron su hana shi tafiya. Mederbek ya zagaya da buta da tasa yana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, aikin ɗan gida, sannan ya zauna bakin ƙofa.

Aka shigo da nama. Kan rago na babban baƙo ne, don haka tsoho Toktosun, wanda ya girmi kowa, har ya zaro wuƙarsa. Ata ya ɗauki akushin da hannu biyu, ya wuce shi, ya wuce liman, ya dire a gaban Mederbek.

"Bismillah, baƙonmu."

Mederbek ya ce, "Ata, ni fa ɗan gida ne."

"Ci, ɗana. Kana da tafiya a gabanka."

Ata ya ɗaga hannu ya sa masa albarka cikakkiya, bai rage ko kalma ɗaya ba. Ni da na zo ganin an tanƙwara ƙanena, sai ga ni ina kuka saboda tausayin su biyun.

Da aka gama ci, Mederbek ya yunƙura zai ɗauki buta. Ata ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Mahaifin namu ya ɗauki butar da kansa, ya duƙa da ƙyar a gaban Toktosun, ya fara zuba ruwa.