Tayoyin da Kubat Ya Saya da Rago

Ranar da likita ya ce a mayar da tsohuwa gida, babu sauran abin da asibiti zai yi mata, a ranar dusar ƙanƙara ta rufe hanyar da ke hawan dutsen Dolon.

Tsohuwar ita ce mahaifiyar Kubat. Shekara uku tana zaune wurinsa a nan Kochkor, amma ko da wasa ba ta taɓa kiran gidan nasa gida ba. Gidanta yana can bayan Dolon, a wani ƙauye kusa da Naryn, inda aka binne mijinta. Sau ɗaya ta faɗa masa: "Ka kai ni in mutu a ɗakina, a sa ni kusa da ubanka." Ba ta ƙara maimaitawa ba. Ɗaure ƙunshin kayanta kawai ta yi, ta sa aka ajiye mata takalmanta a gefen gado.

Motar Kubat tsohuwar Jiguli ce, tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu. Da irinsu ba a hawan Dolon cikin hunturu, sai wanda ya gaji da ransa. Asibiti ya cinye abin da ke aljihu, saura baƙin rago ɗaya mai ƙatuwar jela da ya yi wata huɗu yana turkawa. Matarsa Burul ta ce ya sayar da ragon ya ɗauki shatar mota. Ya ce kasuwar dabbobi sai Asabar, kuma uwarsa ba buhun dankali ba ce da za a yi mata shata, shi zai kai ta da hannunsa. Ni na san Kubat tun muna yara. Yana son uwarsa, wannan babu tantama, amma yana son a ce shi ne ya yi, fiye da yadda yake son a yi ɗin.

A ƙofar kantin gurasa ya ga takarda a manne: ƙafafun mota huɗu na sayarwa, rim da taya, na sanyi, masu ƙusoshin riƙe ƙanƙara. Ya kira lambar wayar da ke jikin takardar, ya cusa ragon a kujerar baya, ya nufi can ƙarshen gari.

Mai kayan Esenkul ne, ɗan kasuwa mai kaurin wuya, wanda ya sayar da tsohuwar motarsa ta Jamus ya sayi sabuwar jif. Tayoyin na jingine a rumbunsa, kusan sababbi. Kubat na ganinsu ya ji zuciyarsa ta kwanta, ya ƙirga ramukan noti, huɗu cif kamar nasa. Maƙwabcin Esenkul, tsoho Asanaly, da aka kira ya tsaya shaida, ya ce, "Ɗana, ga motarka ga jak, ka ɗaura ɗaya mu gani mana."

"Baba, shekara ashirin ina tuƙi. Ba sai na kwanta cikin ƙanƙara zan san ƙafar motata ba."

Ya tsinko tsinken tsintsiya, ya auna tsakanin notika biyu a ƙafar Jiguli, ya karya daidai wurin, ya ɗora a kan rim ɗin Esenkul. Ya yi daidai, ko kuwa ya yi kama da daidai. Esenkul ya kalli Jigulin, ya kalli ragon da ke leƙe ta taga, ya ja bakinsa ya yi gum.

A wurinmu ciniki a hannu yake. Suka kama hannun juna suna jijjigawa kamar za su tsinke kafaɗa, wannan yana cewa ragon ya fi tayoyin, wancan yana cewa ragon duk gashi ne. Da suka gaji, Asanaly ya sa gefen tafinsa ya raba hannayen, ya ce Allah ya sa albarka. In aka raba hannu haka, magana ta mutu.

Washegari da hantsi Kubat ya ɗaga motar a tsakar gida. Noti na farko ya shiga lafiya lau. Na biyu ya shiga. Na uku ya fara gardama, na huɗu kuwa a karkace ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya cire, ya juya rim ɗin, ya sake. Ya gwada wata ƙafar. Ya zagi notin, ya zagi sifanar, ya zagi Burul da ta fito ta tambaye shi ko zai sha shayi. Daga ƙarshe ya mayar da tsofaffin tayoyinsa, ya loda sababbin, ya tafi wurin mai faci na bakin titi.

Mai facin ko auna su bai yi ba. Ya leƙa bayan rim ɗin ya ce, "Na motar Jamus ne. Ramukan sun fi naka tazara da ɗan abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba."

"To a matsa su shiga."

"Za su shiga in ka danna da ƙarfi. A gangaren Dolon kuma, kana taka birki, notikan su karye ɗaya bayan ɗaya. Wa za ka ɗauka?"

Kubat ya ce a cire tayoyin a sa a nasa rim ɗin. Mai facin ya girgiza kai, ya ce rim ɗin Kubat inci sha uku ne, waɗannan sha huɗu, ko da sabulu ba za su zauna ba. Ya ƙara da cewa, "Wanda ya sayar maka ya ga motarka? In ya gani, ya sani. Kowa ya sani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta ƙone shi. Kowa ya sani, ban da shi.

Tun daga nesa ya hango motoci a ƙofar Esenkul. Da ya matso ya ga hayaƙi a tsakar gida, mata suna kai da kawowa, ga kuma baƙar fata shanye a kan shinge, jinin jikinta bai gama bushewa ba. Esenkul ya yanka ragon, ya tara dattawan unguwa su sa wa sabuwar jif ɗinsa albarka.

Kubat ya sauke tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gangara da su suka bugi bangon gidan. Ya shiga har ƙofar ɗakin baƙi da takalminsa. Dattawa sun kai goma zaune kewaye da shimfiɗar abinci, gurasa barbaje a kanta, an fara shigo da nama a manyan tasoshi.

Esenkul ya ɗago kai, fuskarsa na maiƙo. "A'a, ga mai ragon da kansa. Shigo, ƙanena, cire takalmi ka taɓa gurasa."

"Ban zo ci ba. Kayanka suna waje. Ba ni ragona."

Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Esenkul ya nuna tasa da wuƙar hannunsa. "Ga shi nan. Wane ɓangare kake so?"

"Ka ga motata jiya. Ka san ba za su shiga ba."

"Na ga motarka, na ga kuma tsinkenka. Mutum ya ce shekara ashirin yana tuƙi, ni wane ne in koya masa? Baba Asanaly, ba ka ce ya gwada ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Kubat, an raba hannu. Ka zauna tukuna, ba a magana a tsaye a kan abinci."

"An raba hannu da ɓarawo," in ji Kubat. "Uwata na kwance tana jiran in kai ta gida, wannan azzalumin ya kalle ni ya karɓe abin da ya rage min, ya yi shiru. Ku kuma kuna zaune kuna tauna."

Ba a cewa ɓarawo a gaban baƙin mutum a wanye lafiya. Esenkul ya ajiye wuƙar a hankali, ya goge hannunsa. Ni ban ce mutumin kirki ba ne. Ya san tayoyin ba za su shiga ba, kuma ya so ragon. Amma wayo gare shi, ya san dattawa sun ji zancen uwa, kuma idanunsu sun fara komawa kansa.

"Ba ka faɗa min tsohuwa ce za ka kai ba," ya ce. "Da ka buɗe baki kamar mutum, da ba mu zo nan ba. Ga jif can a waje. Gobe da safe ni da kaina zan kai ta har ƙofar ɗakinta, ba na son ko kuɗin mai." Dattawa suka gyaɗa kai. Ya bari suka gama gyaɗawa, sannan ya ƙarasa. "Amma ka cire takalmin nan, ka zauna can ƙasa kusa da ƙofa, ka ci naman nan, ka faɗa wa mutanen nan wane ne bai san aikinsa ba. Ka ce, 'Baike, ni ne jakin.' Shi ke nan."

Baike muke ce wa yaya, kuma kalma ce mai sauƙi a baki. Kubat ya san abin da aka miƙo masa. A ransa ya ga uwarsa kwance a kujerar baya ta jif, da ɗumi, an wuce Dolon kafin azahar. Jimla ɗaya ce tsakaninsa da wannan. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai Esenkul ya ɗauko ƙashin haƙarƙari da aka riga aka gwaigwaye rabi, ya miƙo masa da yatsu biyu, yana murmushi.

Kubat bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Tsakaninsa da wuyan rigar Esenkul akwai shimfiɗar abinci, kuma ta kanta ya bi. Takalminsa mai laka ya sauka a kan gurasa, butar shayi ta kife, tasa ta tuntsure. Ya shaƙo wuyan ya jijjiga sau biyu kafin a ɓamɓare shi. A wurinmu taka gurasa babban abin kunya ne, amma babu wanda ya buge shi. Da an buge shi ma da ya fi masa sauƙi. Asanaly ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki gurasar da aka taka, ya kakkaɓe ta, ya sumbace ta, ya kai goshi, ya ɗora a kan taga. Bai kalli Kubat ba ya ce, "Ku buɗe masa hanya ya fita."

Ya bar tayoyin a inda suka faɗi. Ya yi ta zaga gari a kan suɗaɗɗun tayoyinsa har la'asar, yana tsara wa zai roƙa, yana soke sunaye ɗaya ɗaya, don kowane mai mota a Kochkor yana da uba ko kawu a ɗakin nan.

Labari ya riga shi isa gida. Burul ta buɗe masa ƙofa, ta koma kicin. Ya sami uwarsa zaune a bakin gado, abin da ta kwana biyu ba ta iya ba, da farin ɗankwalinta a kai.

"Apa, gobe za mu tafi. Zan samo mota," in ji shi. Apa muke ce wa uwa.

"An ce ka taka gurasa."

"Cutata ya yi, Apa."

"Ban tambaye ka abin da ya yi ba. Ka taka?"

"Na taka."

"An ce ya ce zai kai ni."

Ta daɗe tana kallonsa, numfashinta na fita da ƙyar. Babu fushi a fuskarta, kuma rashin fushin ya fi ba shi tsoro.

"Saboda ni ka ce ka je," ta ce. "To hanyar da aka buɗe da taka gurasa ba zan bi ta zuwa wurin ubanka ba. Me zan ce masa? Ko ka samo mota goma, ba na shiga. Ku nemi wurin binne ni a nan."

"Apa, zan koma in ba shi haƙuri. Yanzu zan koma. Duk abin da ya ce in faɗa zan faɗa."

"Ɗazu ya kamata ka faɗa."

Ta jawo ƙunshin kayanta kan cinya. Yatsunta ba su da ƙarfi, kullin ya ƙi kwancewa, ya miƙa hannu zai taimaka, ta kawar da shi. Ta ɗaga murya iyakar iyawarta ta kira surukarta.

"Burul, zo ki kwance min wannan, ki mayar da takalman nan cikin akwati."