Kwanon Maman Toma

Yau kwana goma sha tara kwanon Maman Toma yana kan firjina, na kasa mayar mata. Maƙwabciyata ce, nas, 'yar Bogoro, kuma ita kaɗai ta taɓa ƙwanƙwasa min ƙofa tun da ɗana Abdulbaqi ya ɗauko ni daga gidanmu na Fadaman Mada ya ajiye ni a nan Yelwa. Gida kam ga shi nan, tayil har banɗaki, amma ko kaza babu. Gwaten acca ta kawo min a kwanon ranar.

Mu dai ba ma mayar da kwanon maƙwabci wayam, abin kunya ne. Sau huɗu ina soya masar shinkafa don in zuba mata, sau huɗun ni na cinye, a tsaye gaban tanda, ko hucewa ba su yi ba. Kuma ba daɗi nake ji ba. A Fadaman Mada mu bakwai ke zagaye faranti ɗaya, loma biyar na ƙoshi. Nan kuwa in ci, in leƙa taga, in buɗe firji in rufe, in kunna rediyo in kashe, in sake komawa kicin. Cikina kamar buhun da ɓera ya huda. Zannuwana sun fara ƙin zagayowa. Tsoro nake ji, ga haushin kaina.

Jiya mun haɗu tana jiran keke, gaisuwar sama-sama ta yi min. Na san in kwanon nan ya ƙara kwana, na rasa mutum ɗaya tilo da nake da ita a unguwar nan.

Da safe na yi suya ta biyar, masa goma sha biyu. Kafin in gama neman mayafi saura uku. Na zauna na yi kukana, sannan na rufe ukun na fita.

"Maman Abdul! Na ɗauka gwaten ne bai miki ba," in ji Maman Toma da ta buɗe ƙofa.

Na miƙa mata kwano na faɗi gaskiya duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba ta yi dariya ba. "Ba haɗama ba ce, Mama. Jiki yana da sinadaran da ke gaya wa mutum ya ƙoshi. Kaɗaici yana iya rikita su, wata ta kasa ci, wata ta kasa dainawa. Ni tun da Toma ya tafi makaranta, shayi kawai nake sha."

Sai a lokacin na lura da wuyanta, duk ƙashi.

Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo garin ƙuli, muka sa hannu a kwano ɗaya. Ta ɗauki ɗaya na ɗauki ɗaya, muna tsinar 'ya'yan zamani da ba su san kiran waya ba. Ta ukun ta zauna tsakaninmu har ta yi sanyi.

"Ɗauki mana," ta ce.

Na kai hannu, sai na tsaya.

"Ke ci. Na ƙoshi."

Rabona da faɗin haka tun ranar da na baro Fadaman Mada.